Karayar gwiwar hannu a yara: tsakanin karan maɗori da ƙarfen lokotoro

Ɗan ƙanwata yana da shekara shida da ƴan watanni ranar da ya faɗo daga iccen mangwaro a wata garka ta bakin Gulbi. Reshen bai fi tsayin babban mutum ba. Ya kai hannun hagu ƙasa don ya tare, yadda kowa ke yi, sai gwiwar hannun ta ɗauki nauyin jikin duka. Kafin kabu-kabu ya iso da shi gida wurin ya kumbura ya yi sumul, ba tudu ba kwari, hannun ya yi lanƙwasa biyu kamar maciji na tafiya. A gaban gwiwar, daidai inda ake ɗibar jini, fata ta lotsa ta yi duhu.

Nan take gida ya rabu. Inna ta ce a aika a kira maɗorin unguwa, wanda ya taɓa ɗora ƙafar kawunmu ta warke sarai. Uwar yaron ta dube ni ta ce, "Yaya, kai ke aikin likita, mi ka gani?" Ban buɗe baki ba Inna ta riga ni: "Likita yanke hannu suke. Ƙashin yaro ɗanye ne, ko an ɗora shi a karkace zai miƙe da kansa."

Maganganun nan biyu duk Maraɗi ana yin su, daga Bagalam har Zariya, kuma ba a banza mutane suka riƙe su ba. Kowace akwai abin da ido ya gani a bayanta.

Batun miƙewar ƙashi gaskiya ne a wurare da yawa. Yaro ya karye kusa da wuyan hannu, ko a ƙashin wuya, ko can sama kusa da kafaɗa, ya haɗe a ɗan karkace, bayan shekara ɗaya ko biyu ka yi hoto ka rasa inda ya karye. Dalili shi ne ƙashin yaro daga bakunansa yake tsawo, kuma duk karayar da ke kusa da bakin da ke girma da sauri, girman ne ke share ta. To ƙashin damtse kashi 80 cikin 100 na tsawonsa daga wajen kafaɗa yake samu, wajen gwiwa kashi 20 ne kacal. Ban da haka, jiki yana iya gyara lanƙwasar da ta bi hanyar da gaɓa ke motsi, gaba da baya, amma karkata ta gefe da murɗewa ba ya gyara su. Idan ƙashin ya haɗe a karkace zuwa ciki, haka yaron zai tsufa da shi. Duba hannunka ka miƙe shi, tafin yana kallon gaba: za ka ga daga gwiwa zuwa ƙasa ya ɗan baje waje, shi ya sa guga ba ya bugun cinya idan an ɗauko ruwa. Wanda aka ɗora a karkace nasa ciki yake shigowa kamar ƙotar gatari. Hannun yana aiki, yana noma, yana ɗaukar kaya, amma kowa ya san irin wannan hannu, kuma wanda ke da shi, musamman ɗiya mace, ya san yadda ake ɓoye shi cikin riga.

Siffar ƙashin ita ce tushen wahalar. Daga kafaɗa yake saukowa zagayayye mai ƙarfi kamar gora. Da ya kusa gwiwa sai ya baje ya yi faɗi, ya zama ginshiƙi biyu, a tsakaninsu akwai rami gaba da baya inda ƙashin ya sirance har in ka ɗaga busasshensa ga rana kana hango haske. Ramin baya shi ne mashigar ƙullutun nan da mutum ke dogarawa a kan tebur. Gaɓoɓin yara saku-saku ne, gwiwar takan wuce miƙewa ta ɗan koma baya, saboda haka idan yaro ya dira a kan miƙaƙƙen hannu, ƙullutun ya daki ramin kamar an buga ƙarfe a tsagar icce, ƙashin ya ɓalle a wurin da ya fi rauni. Fiye da rabin karayar gwiwar hannu a yara irin wannan ce, ta fi yawa tsakanin shekara 5 da 7, kuma sama da 95 cikin 100 haka suke aukuwa: guntun ƙasa ya tafi baya, bakin na sama mai kaifi ya soko gaba. Gaban nan kuwa nan ne babbar jijiyar da ke kai jini hannu ta bi, kafaɗa da kafaɗa da jijiyar da ke motsa yatsu. Lotsawar fatar da na gani a hannun yaronmu alama ce cewa bakin ƙashin ya huda tsoka ya kamo fata ta ciki.

Yanzu ka yi tunanin mayar da waɗannan bakuna biyu su zauna a kan juna. Kamar ka aza kaifin wuƙa a kan kaifin wata ne ka ce su tsaya, cikin naman da ya kumbura, ba ka gani sai lalube. Ko da hoto ma sai wanda ya saba. Gwiwar ƙaramin yaro yawancinta guringuntsi ne, shi kuwa ba ya fita a radiyo, wato hoton ƙashi. Wurare shida ne ke zama ƙashi ɗaya bayan ɗaya, kusan a shekara 1, 3, 5, 7, 9 da 11, don haka abin da baƙon ido zai ɗauka ɓallen ƙashi ne mai yiwuwa halitta ce, abin da ya ga lafiya lau kuma karaya ce. Shi ya sa wani lokaci ake ɗaukar hoton hannun mai lafiya a gwada. Uban yaro ya ga an ce ya biya hoto biyu sai ya zaci cuta ce.

Likitoci sun kasa karayar mataki-mataki. Masu karatu da Ingilishi suna bin rabon Gartland, wani likitan Amurka, na 1959. Namu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci sun fi bin na Lagrange da Rigault na 1962, mai mataki huɗu. A na farko ƙashin ya tsage bai motsa ba, filasta ta mako uku ta wadatar, wadda mutane ke cewa siminti. A na biyu ya lanƙwasa amma bayansa na riƙe. Nan wasu kan bi hanyar Blount: a sa yaro barci, a mayar da ƙashin, a naɗe gwiwar sosai a rataye wuyan hannu a wuya, in kumburi bai yi yawa ba kuma jini na gudu. A na uku da na huɗu guntayen sun murɗe ko sun rabu sam, babu abin da ya haɗa su.

A nan tsofaffin likitoci suka daɗe cikin gaba kura baya siyaki. Idan ka naɗe gwiwar sosai ƙashin yana zama inda ka sa shi, amma ka matse jijiyar jini cikin kumburi. Idan ka sassauta don jini ya wuce, ƙashin ya zame. Wannan kullin ne ƙarfe ya kwance. Siririn ƙarfen da ake amfani da shi sunan Kirschner yake ɗauke da shi, Bajamushen da ya fito da shi a 1909, kuma Judet na Faransa ya bayyana soka shi ta fata a karayar yara tun 1947. Kaurinsa milimita 1.6 zuwa 2, kamar wayar da ke cikin ƙafar keke. Da zarar ƙarfe ya riƙe ƙashi daga ciki, ba sauran buƙatar matse komai daga waje.

Aikin kansa bai kai yadda sunansa ke ba da tsoro ba. Ana sa yaro barci. Lokotoro ya ja hannun a hankali har bakin ƙashin ya fita daga cikin tsoka, ya gyara karkatar gefe, ya sa babban yatsa ya turo guntun daga baya yana naɗe gwiwar. Akwai na'urar hoto mai siffar baka, ma'aikata na ce mata ampli, tana nuna ƙashi a allo nan take. In ya ga ya zauna, sai ya soka ƙarfe biyu ko uku ta gefen waje, a warwatse yadda kowane zai kama ginshiƙinsa. Akwai muhawara a kan soka ɗaya ta gefen ciki su gicciye: ya fi hana murɗewa, amma nan ne jijiyar nan take wadda in ka bugi gwiwa da ƙofa kake jin kamar wutar lantarki har ƙaramin yatsa, kuma ƙarfe na iya kama ta. Yawancin masu aikin yanzu ta waje suke farawa, ba su zuwa ciki sai sun gwada sun ga ƙashin bai tsaya ba. A ƙarshe a lanƙwasa kan ƙarafan a bar su a wajen fata, a aza filasta rabi ta baya, a bar gaba da sarari don kumburi. Sau da yawa ba a cika awa guda ba, kuma ba a tsaga fata. Tsagawa tana zuwa ne idan nama ya shiga tsakanin ƙasusuwan, ko hannu ya kasa samun jini bayan an mayar, ko babu na'urar, ko an makara.

Makara iri biyu ce. Idan hannun da ɗumi, farce na yin fari in an danna ya koma ja da sauri, ana iya kwana a yi aikin da safe cikin natsuwa, ba a rasa komai ba. Idan ya yi sanyi ya yi fari, ko da tsakar dare ne sai a shiga. Ɗaya makarar ta kwanaki ce. Ƙashin yaro cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ya fara haɗewa a duk inda ya samu kansa. Wanda aka kawo bayan mako uku a hannun maɗori, ja da turawa ba su ƙara yi masa komai. Sai dai a tsaga, ko a bar shi ya gama haɗewa, daga baya a yanke ƙashin a cire ɗan yanki a miƙe shi, aikin da ya fi na farko girma da tsada nesa ba kusa ba.

Saura maganar yanke hannu, wadda ta fi ci mini rai.

Tsokokin da ke tsakanin gwiwa da wuyan hannu a cikin jaka suke, wani tantani mai tauri da ba ya buɗewa. Bayan karaya kumburi yakan yi ta hawa kwana biyu zuwa uku. Karan da aka jera aka ɗaure daidai ranar farko, washegari ya zama tarko. Jini yana shiga da ƙyar, fita ta gagara, matsi ya hau cikin jakar har ƙananan hanyoyin jini su toshe. Tsokar da ta rasa jini awa shida zuwa takwas ta mutu, ba ta dawowa. Yaron yana faɗa da bakinsa tun da wuri: kukan yana ƙaruwa maimakon ya ragu, magani ba ya kwantar da shi, ya kasa barci, in ka ɗan miƙe masa yatsu ya ƙwalla ƙara. Yatsun su kumbura, su yi sanyi, ya ce kamar ba nasa ba. A gidajenmu abin da ake cewa a daidai wannan lokaci shi ne, "Ɗori ne ke kamawa, yi haƙuri, kai namiji ne." Bugun jini a wuyan hannu ma yana iya kasancewa alhali tsoka na mutuwa, saboda haka jin sa ba hujja ba ce. Kuma idan kukan ya tsaya da kansa bayan kwana biyu, gida ya yi hamdala, mai yiwuwa jijiyar jin zafin ce ta mutu.

Abin da ke biyo baya mun san shi a kasuwa da bakin masallaci: hannu ya bushe, wuyan hannu ya naɗe, yatsu sun ƙanƙame kamar ƙafar kaza. Volkmann, wani likitan Jamus, shi ya bayyana wannan a 1881, kuma ɗaurin da ya ɗora wa laifi na likitocin Turai ne ƴan uwansa. Ina faɗin haka don kada a ɗauka laifin na maɗora ne su kaɗai. Filastar asibiti da aka zagaye hannu da ita ruf a ranar farko tana yin irin wannan ɓarna, shi ya sa ake barin ta rabi, ake kuma kwantar da yaro ana duba yatsunsa cikin dare. In an gane da wuri, a kwance komai har fata, in bai sauka ba a tsaga jakar tsokar a bar ta buɗe, hannu ya tsira. In kuwa an kai kwana biyar ko mako, fata ta yi bororo ta yi baƙi, wari ya tashi, zazzaɓi ya rufe yaro, to abin da ya rage shi ne a raba shi da hannun don a ceci ransa. Maƙwabta ba su ga daren da hannun ya mutu a ɗaki ba. Sun ga an tafi da yaro likita da hannu biyu an dawo da ɗaya. Daga nan labarin Inna ya samo asali, kuma kowane irin wannan yana sa gida na gaba ya ƙara jinkiri.

Ba na cikin masu zagin maɗora. Sana'a ce ta gado, suna kusa, suna zuwa har gida, suna karɓar abin da ya samu ko a biya bayan kaka, suna kuma zama su yi wa uwa magana mai kwantar da hankali, abin da mu ma'aikatan likita muka yi ƙaranci a kai. Karaya da yawa, musamman wadda ba ta goce ba, kowa ya ɗaure ta za ta warke, kuma a kan irin waɗannan sunansu ya ginu. Na san wani dattijo cikinsu da ba ya taɓa gwiwar hannun yaro. Yana dubawa zai ce a tafi a yi radiyo. A ganina ya fi sanin sana'arsa a kan wanda ba ya mayar da kowa.

Akwai wata karayar da ta fi wannan wayo, ita ce ta biyu a yawa. Ɗan ɓalli ne ke fita daga gefen waje na ƙarshen ƙashin. Ba ta da ban tsoro: kumburi kaɗan a gefe guda, yaro na ɗan motsa hannu, kowa ya ce targaɗe ne. A hoto ma ɗan siririn ɓawo ake gani, alhali guntun babba ne, guringuntsi ne ya ɓoye shi. Tsagar ta ratsa har cikin gaɓa, ruwan gaɓa na wanke ta, tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu kuma suna jan guntun kullum, don haka ba ta son haɗewa. Ƙa'ida ita ce in ta goce fiye da milimita 2 a kafe ta da ƙarfe, in ba ta kai ba a sa filasta a sake hoto cikin mako guda, domin takan zame a ɓoye. Wadda aka bari, hannun yana ta bajewa waje a hankali, yana jan jijiyar gefen ciki, sai bayan shekara goma ko ashirin ƙaramin yatsa da na kusa da shi su fara mutuwa. Magidanci ya zo yana neman maganin sanyi ko sammu, bai taɓa kawo faɗowarsa daga jaki yana ɗan shekara shida a ransa ba.

Sauran a gurguje. Idan ɗaya daga ƙasusuwa biyun da ke ƙasa da gwiwar hannu ya karye, a tabbata an duba kan ɗan uwansa bai fita daga gurbinsa ba. Monteggia na Italiya ya bayyana wannan haɗin tun 1814, har yau kuma ana ɗora karayar a manta da gocewar. Shi kuwa ɗan shekara biyu ko uku da yayarsa ta fizgo hannunsa ya saki hannun yana kuka, babu kumburi, galibi ba karaya ba ce, ɗan gocewa ne a gwiwar, wanda ya iya cikin ƙiftawar ido yake mayar da shi.

Duk wannan bayani a takarda ne. A ƙasa, tambayar uban yaro ita ce nawa, kuma ina. Cikin gari akwai babban asibitin jiha da asibitin Refarans, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma tana horar da likitoci. Amma yaron da ya faɗo daga gawo yana kakkaɓo wa awaki abinci a wani ƙauyen Dakoro ko Mayahi, sai ya bi ta ƙaramin likitan karkara, a rubuta masa takarda, a nemi mota, a sayar da akuya. Tun 2006 Nijar ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, ita kuwa wannan karaya ta fi kama wanda ya ɗan haura biyar, wato daidai wanda ya fita daga inuwar dokar. Hoto, maganin barci, ƙarafa, filasta, abincin mai jinya, duk daga aljihu. Sai dai lissafin yana da ɗaya gefen. Waɗanda suka makara su ne ake gani suna neman hanyar Galmi, ko Katsina da Kano, ko asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010, tafiyar sama da kilomita 600, don a gyara abin da ƙarfe biyu za su hana tun ranar farko.

Ranar tamu, abin da na fara yi shi ne yanke kambun da ke damtsensa da reza, Inna na salati. Duk abin da ya zagaye hannu, kambu ne, awarwaro ko zobe, a cire shi kafin kumburi ya rufe shi. Na naɗe kwalin taliya na tallafe hannun yadda na same shi, ban ja ba, ban gwada miƙewa ba, na ɗaure sako-sako da ɗankwali. Abu ɗaya ya kuɓuce mini: ina neman mota Inna ta dama masa fura don ya yi shiru, ya kuwa shanye moɗa guda. Ba a sa mutum barci da cikakken ciki sai in babu makawa, ana jiran awa shida, don haka furar nan ta kai mu har safiya. Allah ya sa hannun da ɗumi. Lokotoro ya ce masa ya ɗaga babban yatsa, ya yi. Ya ware yatsu, ya yi. Ya haɗa kan babban yatsa da manuniya su yi zobe, sai suka haɗu a miƙe kamar mai ɗibar gishiri. Wani reshen jijiya ne ƙashin ya daka. Kamar ɗaya cikin goma na masu gocewar ƙashi suna samun irin wannan, kuma mafi yawansu jijiyar na farfaɗowa da kanta cikin wata biyu zuwa uku.

Ƙarfe uku aka sa masa. Bayan mako huɗu aka zare su da filaya a ɗakin duba marasa lafiya, ba allura ba barci, kafin ya gama shirin kuka an gama. Gwiwar ta fito a sandare, ba ta miƙewa ba ta naɗewa sosai, nan kuma sabuwar rigima ta tashi. Inna ta dafa ruwa, ta kawo man kaɗe, za ta gasa ta murza ta ja. Na roƙe ta da girman Allah ta bari. Gwiwar yaro da aka murza da ƙarfi takan tsiro da ƙashi cikin tsoka ta ƙara sandarewa. Wasa ne ke sake ta, da cin abinci, da sa riga, cikin makonni, ƙarshen miƙewar kuma yakan ɗauki watanni har shekara. Muka daidaita a kan ta shafa man amma kada ta ja.

Zoben yatsun ya dawo a wata na uku. Har yanzu in ya shigo gaishe ta takan tsayar da shi a bakin ƙofa ta ce ya miƙe hannuwan biyu, ta duba wannan ta duba wancan. Makon jiya ta ce na hagun bai gama kai na daman ba, na auna na ga da gaskiyarta, saura ɗan kaɗan.